Faifan da Na Yawata a Cikin Hijabina

Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah nake farawa, shi nake roƙo ya tsare motar da kike ciki, ya hana barci ɗaukar direbanku, ya raba ku da mugun ji da mugun gani tun daga tashar Agege har ƙofar gidan Goggo Hanne a Arewa, inda za ki sauka. Na sa takardar nan a ƙarƙashin ledar dambun nama ne da gangan, don na san halinki. Ba za ki taɓa dambun ba sai kun wuce Ibadan, yunwa ta fara yi miki magana. To a nan nake so ki karanta, inda ba za ki iya juyowa ki kalle ni ba. Akwai maganar da uwa ba ta iya faɗa wa 'yarta ido cikin ido, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin bar kowa lafiya. Maganar aikinki ce.

Kin ji da kunnenki abin da Baffa Isiyaku ya faɗa wa babanku ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo. Cewa ya yi, "Yaya, duk ofisoshin da ke jiharmu a rasa inda za ta yi lauyanci sai hukumar tace fina-finai? Budurwa ta zauna tana kallon batsa, a ce wai shaida take dubawa? Wa zai aure ta?" Kin kuma ji amsar da na ba shi daga bakin murhu, cewa wankan gawa ma wani ne ke yi, kuma ban taɓa jin mai wankan gawa ya zama gawa ba. Ina nan a kan bakata. Ki je. Na tsani sana'ar masu fina-finan batsa, masu yi da masu sayarwa, kuma ina so doka ta yi haƙora a kansu. Ban tsufa da wannan ra'ayi ba, da shi za a kai ni kabari in Allah ya so.

Sai dai ki sani, ƙin ɓarna kaɗai ba ya mai da mutum mai gyara. Uwarki ta ƙi ɓarna tun ba a haife ki ba, kuma da wannan ƙin ta yi ɓarnar da har yau ba ta gyaru ba. Zan faɗa miki yadda aka yi. Ba na son kuka a cikin mota, mutane na kallonki. Ki karanta kawai, ki riƙe.

Na fara da ƙaramin kuskuren.

Lokacin kina goye, akwai shagon Alhaji Sabo Mai Kaset a bakin layin dogo, inda ake sayar da katin waya yanzu. A wurinsa kowa ke hayar kaset. Ni da na yi makaranta har aji biyar na sakandare, ina alfahari da cewa na fi matan layinmu sanin abin da nake yi. Kowane kaset zai shigo ɗakina sai na juya kwalinsa na nemi tambarin hukuma, wannan 'yar takarda mai ƙyalli da ake mannawa don a nuna an tace fim. In na gan ta, shi ke nan, hankalina ya kwanta. Sai in ɗauki jakata in hau motar danfo zuwa kasuwar Oyingbo saro kuka da daddawa, in bar yara da akwatin talabijin. Ban taɓa zama na kalli ko ɗaya da su ba. Ina ganin gwamnati ta riga ta kallar mini.

Wata rana ruwa ya tare hanya, danfo ya juyo da mu tun ba mu yi nisa ba. Na iso gida na tarar da takalman samari a ƙofar ɗaki, labule a sake, ƙofa a kulle ta ciki. Da na buga aka buɗe, babban yayanku ne da abokansa. Kwalin da ke kan tabarma hoton wani malami ne da rawani, ga tambarin hukuma yana ƙyalli a kusurwa. Abin da ke cikin akwatin kuwa, Allah ya tsari idon musulmi. Ashe ɓare tambarin suke yi daga kwali su manna a wani, ko su bar kwalin su canza kaset ɗin.

Fita na yi na ɗauko taɓarya na rotsa akwatin, sannan na juya kan yayan naku. Iya Bisi, Bayarabiyar da muke haya gida ɗaya, ta leƙo da zani a ƙirji ta ce, da Hausarta ta Agege, "Ah ah, Hajiya! Akwati ne ya yi laifi? Da kin ba ni, ni ba ya lalata mini yara, ni nake lalata shi da kallo." Babanku da ya dawo daga abatuwa ya tsaya a kan fasassun gilasai ya ce, "To madalla. Yanzu labaran duniya a bakin wa zan ji?" Na ce a bakin liman.

Na kwana ina jin na yi jihadi. Abin da ya biyo baya shi ne yayanku ya koma gidan kallo na bayan kasuwa, inda ba uwa ba taɓarya, kuma ya yi shekaru bai sake kawo mini wata damuwarsa ba. In kin gan shi yau da iyalinsa yana jan salla, ki gode wa Allah, ba taɓaryata ba ce ta shirye shi.

Abin da za ki ɗauka a nan: tambarin da ofishinku zai riƙa bugawa, akwai uwa irina a wani lungu da za ta jingina tarbiyyar 'ya'yanta a kansa. Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki duba ba, kada ki bari a mai da tambari abin ba da goro. Kuma ranar da za a tara kaya a bakin titi a cinna musu wuta, ana tafi, ki tuna da akwatina. Fasa abu yana da daɗi a ƙirji, amma ba shi ne aikin ba.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Kin tuna Ladidi mai kitso, 'yar Inna Talatu mai ƙosai? Ita ce take yi miki shuku ranar Juma'a, tana ba ki tsakin ƙosai don ki daina motsa kai. Bazawara ce a lokacin, aurenta ya mutu ta dawo ɗakin uwarta. Kina firamare na hana ki zuwa wurinta, kika yi ta kuka, daga baya na ce miki ta yi aure an kai ta Arewa. Ƙarya na yi miki. Ba aure ne ya fitar da Ladidi daga Agege ba. Ni ce.

A shekarun nan an bar kaset an koma faifai, ni kuma an naɗa ni amirar Islamiyyar matan aure ta layinmu. Wata rana bayan an tashi karatu wata ɗalibata ta ja ni gefe ta miƙo mini wani abu ƙunshe a ɗankwali. Ta ce, "Amira, a aljihun ƙanin mijina na samu. Ga abin da samari ke saya a bayan shagon Alhaji Sabo." Na kai gida, na jira ba kowa, na sa a na'urar babanku. Ba Turawa ba ne a ciki, ba kuma baƙi ba. Ladidi ce. Namijin ba a nuna fuskarsa ba, amma kowa ya san ƙanin Alhaji Sabo ne ke da na'urar ɗaukar hoto a unguwar, shi ke ɗaukar bukukuwanmu. Da na ga fuskarta na kashe. Wannan kallo ɗaya ya isa shaida, ya isa komai. Da a nan na tsaya.

Amma sai na ce a raina, in na je wurin hukuma ni kaɗai ba za su kula ni ba, sai na tara mata. Kuma na san mutanenmu, in ka kawo magana irin wannan a kan 'yar mutane, abin da za a fara ce maka shi ne, ka gani da idonka? Gani ya kori ji. Da wannan karin maganar na halaka yarinyar nan. Na cusa faifan a cikin hijabina, na fara bi gida gida.

Ko'ina na shiga, magana ɗaya ce. "Haba Amira, Ladidi? Wallahi ban yarda ba sai na gani." Sai a kori yara waje, a saki labule, a sa. Za ki ji ana a'uzubillahi, ana rufe fuska da tafin hannu, yatsu a buɗe. Akwai wadda ta ce mini, "Amira, ɗan mayar baya, ban ga fuskar da kyau ba, kada in ɗauki alhaki." Na mayar mata. Wata ta aika a kira ƙanwarta daga wani layi don ita ma ta zama shaida. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da carbi, ina jin kaina kamar mai yaƙi da Shaiɗan, alhali ni ce nake yi masa dako.

Daga nan na kai wa dattawan masallacinmu. Suka karɓa da fuska a murtuke, suka ce in bar musu shi su yi nazari. Ya kwana biyu a hannunsu. Da ya dawo mini duk ya karce, kamar an yi shara da shi.

Kafin in fara yawon nan, 'yan samari kaɗan ne suka san da faifan, su ma a ɓoye, cikin jin kunya. Bayan na gama, babu gidan da bai sani ba, har mahauta a abatuwa, har masu babur ɗin haya, 'yan okada, a bakin titi. Iya Bisi ce ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Hajiya, kin san sunan da ake kiran abin nan a shagon Sabo? In mutum ya je sai ya ce a ba shi faifan Amira. Kasuwa ta buɗe masa, ya kamata ya riƙa ba ki la'ada." Na ce mata ta kama bakinta, ba ta san darajar hani da mummuna ba. Ta ce, "Ni dai ban kalla ba. Ke fa, sau nawa?" Na ɗauki bokitina na wuce. Na yi kusan shekara ba na amsa gaisuwarta da kyau, saboda ta faɗi gaskiya.

Binta, wannan shi ne abu na farko da nake so ki kafa a ofishinku ko da za a kira ki mai tsaurin ido. Duk ranar da za a buɗe abin da aka kamo, ki dubi waɗanda ke cikin ɗakin. Wanda shari'a ba ta buƙatar idonsa, ya fita, ko da ogan ogan ne. Na san abin da nake faɗa. Ranar da muka cika danfo muka kai ƙara ofishin masu kamen fina-finai, jami'in ya karɓe mu da mutunci, ya ce, "Madam, kin yi ƙoƙari, irin ku muke nema." Yana sa faifan sai ga ɗakin ya cika. Na ga mai gadi, na ga direba, na ga wani da kwanon shinkafarsa a hannu. Na lura, amma na zaci haka tsarin aiki yake. Ba tsarin aiki ba ne. Gidan kallo ne, sai dai wannan da hoton shugaban ƙasa a bango. Abin da aka kamo amana ce, kuma akwai 'yar wani a ciki. A kalli iya abin da zai tabbatar da laifi, a kashe, a kulle. Kada ya hau wayarki, kada ya hau wayar abokin aikinki, kada ki ba da labarinsa a hira, ko ga Goggo Hanne, ko ga ni.

Ranar kamen, da hantsi suka zo, da 'yan sanda da 'yan jarida. Shagon a buɗe yake amma Alhaji Sabo ba ya nan, wani ya riga ya buga masa waya. Ƙaninsa mai na'ura kuwa tuni ya ƙetare iyaka. Suka kwashe faifai buhu buhu suka zube a mararraba, suka zuba fetur. Matan Islamiyya muna kabbara. Sai babban jami'in ya waiwayo ya ce da ni, "Madam, ita yarinyar fa, a ina take?"

Tana nan a ƙofar gidansu, a kan 'yar kujera, da kan wata mata a cinyarta tana tsaga. Matan da suka kalla duk suka sunkuyar da kai. Ni ce na fito da hannu daga cikin hijabi na nuna. Ko magana ban yi ba, yatsa kawai.

Suka kawo ta gaban wutar. Wani ɗan jarida ya ce mayafin ya rufe fuska, ba za a gane ita ce ba. Aka janye mayafin. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba, tsinken kitso na hannunta har lokacin. Inna Talatu ta taho a guje da matsamin ƙosai a hannu, zaninta na kwancewa. Na ɗauka zagina za ta yi, har na shirya amsa. Sai ta tsaya a gabana ta ce, a hankali, "Amira, ni ma fa Islamiyyarki nake zuwa. Kin shiga kowane gida a layin nan da abin nan. Me ya hana ki shigo nawa? Da kin zo mini da shi ni kaɗai."

Gidan nan ɗaya da ya kamata in fara shiga, shi kaɗai na tsallake, kuma kullum ta ƙofarsa nake wucewa da faifan a ƙirjina.

Kada ki ɗauka wanke Ladidi nake yi. Da ƙafarta ta shiga ɗakin da ta shiga, ta saɓa wa Allah, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Daga baya an ce ta faɗa wa 'yan sanda cewa alƙawarin aure ya yi mata, ya ce hoton nasa ne shi kaɗai, ba ta san za a buga a sayar ba. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ban tambaya ba. Babu wanda ya tambaya. An sami fuska, an huta. Mutum uku ne a cikin laifin nan, wanda ya ɗauka, wanda ya buga ya sayar, da wadda aka ɗauka. Biyu suna da ƙafar gudu da masu buga musu waya. Ɗaya tana da 'yar kujera da tsinken kitso. Ita kaɗai ta ga alƙali.

Don haka duk ƙarar da aka ajiye a gabanki, ki fara da tambayar wa ya riƙe na'urar, wa ya yaɗa, wa ya ci riba. Za a ce miki ba a same su ba, ga dai yarinyar an kawo. Ki ce a koma a nemo. Fuskar da ta fito a hoto ita ce mafi sauƙin kamu, shi ya sa malalacin jami'i yake son ta. Ki kuma zauna da ita, ke mace, ki rufe ƙofa ki tambaye ta yadda aka yi, don wata da saninta ne, wata yaudararta aka yi, wata ma ba ta san an ɗauka ba, kuma doka ba ta ce a yi musu kuɗin goro ba. In hukunci ya hau kan mace, a yi mata shi a gaban alƙali. Ban san dokar da ta ce a janye mayafi don 'yan jarida ba. In akwai ta, ke ce lauya, ki nuna mini.

Saura kuskure na uku, shi ne na fi jin kunyarsa, don wancan cikin zafi na yi, wannan kuwa cikin sanyi. Ba a daɗe ba Alhaji Sabo ya dawo. Ya yi wa shago sabon fenti, ya rataye lasisin hukuma a cikin gilashi inda kowa zai gani. Da azumi ya shimfiɗa wa masallacinmu sabuwar darduma. Dattawan da suka yi nazari suka sa masa albarka. Kowace Babbar Salla babanku ne ke raka shi kasuwar Alaba Rago zaɓen rago. In na wuce ya ce, "Amira, barka da hantsi, ya ɗalibai?" sai in ce, "Lafiya lau, Alhaji, ya kasuwa?" Ni da na iya cika danfo da mata saboda bazawara mai kitso, ban iya buɗe baki sau ɗaya a kan mai darduma ba. Na ce wa kaina ai hukuma ta ba shi takarda. Kin ga na koma gidan jiya, ina duba tambari a bayan kwali.

Ladidi kuwa da aka sake ta, ko kwana ba ta yi a layin ba. Uwarta ta raka ta tashar Iddo ta sa ta a mota. Inna Talatu ta ci gaba da suyar ƙosai a wurin nan har ta rasu, ba ta sake taka Islamiyya ba. Na raba ta da 'yarta, na raba ta da karatu.

A wurin aikinki za ki haɗu da masu darduma, sun fi na Agege girma. Za su gaishe ki da sunan babanki, su aiko da rago gidan Goggo Hanne. Ki mayar. Wata rana kuma za a kawo miki wani wanda laifinsa kawai ya yi waƙa ko wasan da ya taɓa wani babba, a ce ki nemo masa batsa a ciki. In babu, ki ce babu. Ranar da aka fara aron wuƙar nan ana yanka abokan gaba da ita, ranar ta dakushe a kan masu batsar gaske, kuma mutane za su daina yarda da ku ko kun faɗi gaskiya. In tsayuwar nan za ta ci kujerarki, ta ci. Ɗakinki na nan, ban ba da shi haya ba.

Ki kula da idonki. Baffanki bai yi ƙarya duka ba, ido ƙofar zuciya ne. Ki shiga da alwala, ki fito ki sake wata. Kada ki kalla ke kaɗai, kada kuma ki kalla cikin taron maza, ki nemi mace ta biyu a ɗakin. Muddin abin yana tayar miki da zuciya, kina lafiya. Ranar da kika ga kina kallo kina cin gyaɗa, ki nemi hutu ki zo gida in gan ki.

Za ki ce me ya sa sai yanzu. Dalili biyu ne.

Na farko, abin bai mutu ba. An ƙona buhuna a mararraba, shagon Sabo ya shuɗe, shi kansa ya rasu, amma hoton ya tsallaka daga faifai ya shiga waya. Bara wata yarinya a zauren wayar Islamiyyarmu, wadda ba ta ma san Ladidi ba, ta turo shi ga mata sama da yadda zan iya ƙirgawa, ta rubuta a ƙasa, "A'uzubillahi, ku ga lalacewar zamani." Na kira ta na yi mata faɗan da ba ta taɓa ji ba, tana ta rantsuwa da niyya mai kyau ta yi. Na san da niyya mai kyau ta yi. Kamar madubi aka ajiye mini. To abin da ya iso wayata zai iya isowa teburinki, kuma za ki gane fuskar, don kin yi shekaru kina kallonta daga ƙasa tana yi miki tsaga. Ban so ki gane ta a gaban abokan aiki har bakinki ya suɓuce ki ce kin san ta.

Na biyu, tana garin da za ki. A zaman makokin Inna Talatu na ji, wurin wata 'yar'uwarsu da ta zo daga gida. Ladidi ba ta zo jana'izar uwarta ba, ba ta iya taka Agege. Tana sayar da waina da miyar taushe da safe a bakin babbar tasha, gefen masu shayi. Ta yi aure, tana da yara, Maman Sadiƙu ake kiranta. Ban sani ba ko mijin ya san abin da ya wuce, kuma ba aikinki ba ne ki bincika.

Ga abin da na umarce ki, ba shawara ba ce. Kafin ki kai kanki ofis, kafin a nuna miki kujerarki, ki je wurinta. Ke kaɗai, ba Goggo Hanne, ba katin aiki a wuya, ba baƙar rigar lauya. Ki zauna a benci ki sayi waina kamar kowa, ki ci. Kada ki kira ta Ladidi a gaban mutane, na tona mata asiri sau ɗaya, ba zan aika 'yata ta tona na biyu ba. Ki jira layi ya ragu, ki durƙusa ki gaishe ta yadda ake gaida uwa, ki ce ke ce Binta ta Agege mai motsa kai wurin kitso. Za ta san 'yar wace ce. Sai ki ce mata, a hankali, matar da ta nuna ta da yatsa tana neman izinin zuwa bayan Babbar Salla, ta durƙusa mata a duk inda ita Ladidin ta ga dama, a ɓoye, ba da rakiyar kowa ba.

Kada ki roƙa mini gafara, wannan bakina ne zai yi. Izini kawai na aike ki nema. In ta ce in zo, ko a bayan motar shanu ne zan zo. In ta ce kada in kuskura, kada ki ƙara kalma, kada ki ce mata ai Mama ta tsufa, ai Allah na son masu yafiya. Ta fi ki sanin wannan. In ta zage ki, ki tsaya ki ji har ƙarshe, rabona ne kike karɓar mini. Ki gode mata ki tashi, kada ki sake komawa, mu bar ta da rufin asirin da ta gina ba da taimakonmu ba.

Ko me ta ce, ki dubi fuskarta da kyau. Daga nan ki wuce ofis. Duk wadda za a turo gabanki da mayafi a ka, kin riga kin ga yadda take zama bayan 'yan jarida sun tafi. Sannan ki ja kujerarki ki yi aikin, ki yi shi da ƙarfi, ki kamo mini masu na'ura da masu darduma waɗanda uwarki ta gaisar.

Allah ya sauke ku lafiya. Ya tsare idonki da harshenki da hannun da za ki sa a takarda. Ya sa ki fi ƙarfin masu rago, ya ba ki miji wanda zai ba Baffa Isiyaku kunya. Ya jiƙan Inna Talatu, ya rufa wa 'yarta asiri duniya da lahira, ya rufa mana namu. Ki gaida Goggo Hanne, ki ba ta rabin dambun, ban ce ki cinye duka a mota ba. In kin isa ki bugo in ji muryarki, amma kada ki yi mini zancen takardar nan a waya. Sai ranar da kika dawo daga wurin mai waina a tasha. Ranar ki bugo, kalma ɗaya nake jira, ko zo, ko zauna.

Mahaifiyarki.